Tambaya da Amsa: Tarihin Biyan Bashi da Neman Bashin Gida Mai Lamunin Gwamnati

Wasiƙun da na zaɓo a wannan wata sun haɗu a kan magana ɗaya, wato irin binciken da ake yi wa mutum game da yadda ya saba biyan bashi kafin a ba shi bashin sayen gida wanda gwamnati ta tsaya masa. Huɗu daga cikinsu 'yan'uwanmu mazauna Amurka ne suka aiko, ɗaya kuma daga Kano ta fito. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba yi a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata goma sha ɗaya a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok ina tuƙin tasi, kuma ina da katin zama na dindindin. Ban taɓa cin bashin kowa ba, ba ni da katin bashi, kuɗin haya kuma hannu da hannu nake miƙa wa mai gida, ban taɓa tsallake wata ba. Na tara kuɗi ta hanyar adashi, na je banki neman bashin gida na FHA, sai aka ce ba ni da maki. Yaya za a yi mutumin da bai taɓa cin bashi ba ya zama abin tuhuma? Daga wani ɗan'uwa a Bronx.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Na fahimci ɓacin ranka, domin a tarbiyyarmu wanda ya kai shekara goma ba a bin sa ko kwabo shi ne mai amana. Sai dai kafin in amsa maka, ya kamata mu gyara wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin mutanenmu. Hukumar FHA, wadda aka kafa a 1934 bayan karayar tattalin arzikin da ta sa Amurkawa da yawa suka rasa gidajensu, kuma take ƙarƙashin ma'aikatar gidaje ta tarayya da ake kira HUD, ba ita take ba da kuɗin ba. Banki ne ko kamfanin bashin gida yake ba da kuɗinsa, ita kuma hukumar ta yi masa alkawarin cewa idan mai gidan ya kasa biya, za ta rage masa asara. Matsayinta ya yi kama da na fatoma a kasuwar kara, wanda yake tsaya wa baƙo a ba shi shanu bashi. Bambancin shi ne, fatoma ya san baƙonsa da mahaifinsa da garinsu, ita kuwa hukumar ba ta san ka ba, bankin ma bai san ka ba, abin da suka sani kawai shi ne abin da aka rubuta a kanka.

Kamfanoni uku ne suke riƙe da wannan rubutu a Amurka: Equifax da Experian da TransUnion. Duk wanda ya ba ka katin bashi ko bashin mota ko na karatu yana kai musu rahoto kowane wata cewa ka biya a kan lokaci ko ka makara. Daga wannan rahoto ake fitar da makin FICO, wanda yake farawa daga 300 ya tsaya a 850. Kafin makin ya fito, dole mutum ya kasance yana da aƙalla asusun bashi ɗaya da ya kai wata shida da buɗewa, wanda kuma aka kai rahotonsa cikin wata shida da suka wuce. Kai ba ka da ko ɗaya, saboda haka na'urar ba ta ce kai mugun mabiyi ba ne, cewa ta yi ba ta taɓa ganin ka ba. Waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne, kuma ƙa'idar FHA da kanta ta raba su.

Abin da ma'aikacin bankin bai gaya maka ba, ko don bai sani ba ko don ba ya son wahalar, shi ne ƙa'idar ta yarda a ba mutumin da ba shi da maki bashin gida, har ma da mafi ƙarancin kuɗin kafin alƙalami, wato kashi 3.5 cikin ɗari na farashin gidan. Sharaɗin shi ne mutum ne zai zauna ya duba takardunka da idonsa maimakon na'ura, kuma za a nemi shaidu uku na biyan kuɗi a kan kari na tsawon wata goma sha biyu. Aƙalla ɗaya daga cikin ukun ta kasance kuɗin haya, ko na waya, ko na wuta da gas da ruwa da intanet. Ragowar ana iya cike su da inshorar mota, ko kuɗin makarantar yara, ko na gidan reno, ko ma shaidar cewa kana zuba ajiya a banki a kai a kai tsawon shekara guda.

Nan ne matsalarka ta ainihi take, kuma ita ce matsalar yawancin direbobinmu da masu kitso da masu shaguna. Shekara goma sha ɗaya ta haya da ka biya hannu da hannu, idan babu rasit kuma babu alamarta a asusun banki, da wuya ta tsaya maka shaida, musamman idan mai gidan mutum ne kawai ba kamfani ba, ko kuma kana zaune ne a ɗakin da sunan wani yake kan takardar hayarsa. Shawarata ita ce daga watan nan ka koma biyan haya da cak ko ta asusun banki, ranar da aka ƙayyade, adadi ɗaya kowane wata, ka kuma tabbatar sunanka yana kan takardar haya da takardar wuta da ta waya. Bayan shekara guda za ka riƙe abin da za ka ajiye a kan tebur.

A daidai wannan lokaci kana iya buɗe katin bashi mai ajiya, irin wanda za ka ajiye wa banki, a ce dala 500, ya ba ka kati mai iyakar dala 500. Ka riƙa sayen man mota kaɗan da shi, kana biyan duk abin da ka kashe kafin ranar biya. Bayan wata shida maki zai bayyana. Wasu za su ce maka sai ka bar ragowar bashi a katin ana ɗora maka ruwa kafin makin ya hau. Wannan ba gaskiya ba ne, wanda yake biya gaba ɗaya kowane wata makinsa yana hawa, kuma ba ya biyan ruwa ko sisi.

Game da adashi, ina da albishir. Littafin ƙa'idojin FHA ya ambaci ƙungiyoyin ajiya masu zaman kansu, inda mutane suke zuba kuɗi suna kwasa bi da bi, a cikin hanyoyin da aka yarda kuɗin kafin alƙalami ya fito daga gare su. Amma sai an nuna lokacin da aka kafa adashin, da tsawon zamansa, da shaidar cewa ka karɓi kwasarka, kuma a gamsu cewa tarawa ka yi ba rantowa ba. Saboda haka ka roƙi uwar adashi ko uban adashinku ya riƙe littafi mai kwanan wata da sa hannu, kai kuma ka riƙa zubi ta banki. Kuɗi masu yawa da suka faɗo asusunka rana ɗaya ba tare da bayani ba suna jawo tambayoyin da za su iya tsayar da cinikin gaba ɗaya.

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba amma ba zan ɓoye maka ita ba. Ga mai aikin kansa irinka, bankin yana duba takardun harajin shekara biyu ne, kuma kuɗin da ka bayyana wa hukumar haraji shi ne kuɗin shigarka a wurinsa. Ga wanda ba shi da maki, abin da zai riƙa biya na gida a wata ba zai wuce kashi 31 cikin ɗari na kuɗin shigarsa kafin haraji ba, jimillar dukan basussukansa kuma ba za ta wuce kashi 43 ba. Mai samun dala 5,000 a wata ke nan, biyan gidansa ba zai haura dala 1,550 ba. Wanda ya saba rage abin da yake bayyanawa don harajinsa ya yi sauƙi, ban da karya doka da ya yi, ya rage girman gidan da zai iya saya da hannunsa. Katinka na zama na dindindin kuwa ka riƙe shi da kyau, domin tun daga watan Mayu na 2025 hukumar ta daina lamunce wa masu izinin zama na wucin gadi.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar kula da tsofaffi ce a Kolombus ta jihar Ohayo. Makina 565. Shekara uku da suka wuce na sa wa ƙanin maigidana hannu ya ɗauki mota bashi, ya riƙa makara wajen biya ban sani ba. Akwai kuma kuɗin asibiti na haihuwa da wani tsohon bashin waya da aka miƙa wa masu karɓar bashi. Na karanta cewa FHA tana karɓar maki 500, amma wurare biyu sun mayar da ni. Wani kuma ya ce in ba shi dala 1,200 ya wanke mini tarihina. Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Ohayo.

AMSA: Hajiya, abin da kika karanta gaskiya ne, amma rabin maganar ce. Ƙa'idar hukumar ta kasa masu nema gida uku. Mai maki 580 zuwa sama yana iya ba da kashi 3.5 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami. Mai maki 500 zuwa 579 sai ya ba da kashi 10. Wanda bai kai 500 ba, babu lamuni a gare shi. Wannan ita ce iyakar ƙasa da gwamnati ta gindaya, amma tunda kuɗin na banki ne, doka ba ta hana shi ɗaga tasa iyakar ba, kuma da yawa daga cikinsu ba sa sauka ƙasa da 620 ko 640. Don haka mayar da ke da wurare biyu suka yi hukuncinsu ne na kansu, ba hukuncin FHA ba ne, kuma wani kamfanin yana iya karɓar ki. Idan za ki zagaya neman wanda zai karɓe ki, ki yi zagayen cikin mako biyu, domin binciken da masu bashin gida suka yi a ɗan wannan tsakani ana lissafa shi a matsayin ɗaya, ba ya ta zaftare miki maki.

Duk da haka, ban ba ki shawarar ki nemi gida da 565 ba. Ki duba lissafin. A gidan dala 300,000, kashi 10 dala 30,000 ne, kashi 3.5 kuwa dala 10,500. Maki goma sha biyar ɗin da suka rage miki ki kai 580 darajarsu dala 19,500 ce a hannu, ban da ruwan da yake sauka idan maki ya hau. Ki kuma sani cewa lamunin gwamnati ba kyauta ba ne, mai gidan ne yake biyan kuɗin inshorarsa: kashi 1.75 cikin ɗari na bashin a farko, wanda akan haɗa shi cikin bashin, sannan ga yawancin masu nema kashi 0.55 a kowace shekara tun bayan ragin da aka yi a 2023. Wanda kafin alƙalaminsa bai kai kashi 10 ba zai ci gaba da biyan wannan inshora har ƙarshen bashin, sai fa idan ya sake shi da wani bashin daga baya, wanda ya ba da kashi 10 kuwa shekara 11 zai biya.

Makin da kike gani a manhajar waya sau da yawa ba shi ne wanda masu bashin gida suke amfani da shi ba. Su suna ɗauko maki uku daga kamfanonin nan uku, su ɗauki na tsakiya. Idan ke da maigidanki za ku nema tare, za a fitar da na tsakiyar kowa, sannan a yi aiki da mafi ƙanƙanta a cikin biyun. Wannan ya sa wasu ma'aurata suke barin mai maki mai kyau ya nema shi kaɗai, idan albashinsa zai ɗauki nauyin.

Motar ƙanin maigidanki ita ce babban ciwon. Kashi 35 cikin ɗari na makin FICO daga biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan bashin da ke kan mutum idan aka gwada da iyakar da aka ba shi, sauran kuma daga daɗewar tarihi da sababbin asusu da ire-iren bashin. A idon doka, wanda ya sa wa wani hannu ba shaida ba ne, mai bashi ne cikakke, kuma duk makarar da ta kai kwana 30 tana shiga rahotonsa kamar shi ya yi ta, ta zauna shekara bakwai. Na san nauyin da ke tsakanin mace da dangin mijinta, na san kuma ba ƙaramin abu ba ne ki ce wa ƙanin miji a'a. Amma yanzu magana ta wuce kunya. Ki sa maigidanki ya zaunar da shi, a saita biyan motar ya riƙa fita da kansa daga asusun ƙanin kowane wata, ke kuma ki samu damar shiga ki gani da idonki. Idan ya yi wata goma sha biyu yana biya daga asusunsa ba makara, kuma aka nuna shaidar haka, ƙa'idar FHA ta yarda a cire kuɗin motar daga lissafin basussukanki. Tabon makarar baya zai ci gaba da kasancewa a rahoton, sai dai nauyinsa yana raguwa yayin da yake tsufa, kuma mai duba takardu ya fi zura ido a kan shekara ɗaya zuwa biyu na baya-bayan nan. Idan mutum ne yake dubawa, abin da yake nema shi ne kuɗin haya da na basussukan wata-wata duk an biya su a kan kari cikin wata 12 da suka wuce, kuma makarar kwana 30 ba ta wuce sau biyu ba cikin wata 24.

Kuɗin asibitin kada ya hana ki barci. FHA ba ta sa bashin magani cikin lissafin basussukan da aka miƙa wa masu karɓa, kuma kamfanonin ukun sun daina nuna bashin asibiti da aka riga aka biya tun 2022, sun kuma cire wanda bai kai dala 500 ba tun 2023. Bashin wayar shi ne abin dubawa. Idan jimillar irin waɗannan basussuka, ban da na magani, ta kai dala 2,000, to ɗaya cikin uku: ko a biya su, ko a yi yarjejeniyar biya a rubuce, ko bankin ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari na jimillar ya lissafa shi a matsayin abin da kike biya kowane wata. Idan bai kai haka ba, ƙa'idar ba ta tilasta a biya shi kafin a ba ki gida ba, ko da yake hakki ne da ya kamata ki sauke.

Mai neman dala 1,200 kuwa, kada ki ba shi. Dokar tarayya ta 1996 ta haramta wa masu sana'ar gyaran tarihin bashi karɓar kuɗi kafin su yi aikin, kuma babu wanda yake da ikon goge bayanin da yake gaskiya kafin wa'adinsa ya cika. Dabarar da irinsu suke yi ita ce su ƙalubalanci kowane layi a rahoton, gaskiya da ƙarya, kuma wannan yana iya juyowa kanki, domin idan basussuka marasa kyau da ake jayayya a kansu suka kai dala 1,000, ƙa'idar FHA ta ce a fitar da takardunki daga na'ura a miƙa wa mutum, inda sharuɗɗan suka fi tsauri. Abin da yake halal a cikin aikinsu za ki iya yin sa da kanki kyauta: ki ɗauko rahotanninki uku a shafin AnnualCreditReport.com, ki karanta su layi-layi, duk abin da ba naki ba ne ki rubuta ƙorafi, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika. Mutanenmu suna yawan samun bashin wani a rahotonsu saboda kamannin sunaye, ko saboda an rubuta suna ɗaya ta hanyoyi biyu ko uku a takardu daban-daban. Akwai kuma ofisoshin ba da shawara kan gidaje da HUD ta amince da su a kowace jiha, waɗanda suke aiki kyauta ko da kuɗi kaɗan. Idan kina da katin bashi da ya kusa cika, rage shi zuwa ƙasa da kashi 30 na iyakarsa shi ne abin da ya fi saurin ɗaga maki.

TAMBAYA: Malam, shagona ya karye lokacin annobar korona, kotu ta yafe mini basussukana a ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki ta Amurka. Shin ƙofa ta rufe mini ke nan? Daga wani mai karatu a Hustan, jihar Teksas.

AMSA: Ba ta rufe ba, Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa. FHA tana neman shekara biyu daga ranar da kotu ta sallame ka, ba daga ranar da ka shigar da takarda ba, tare da shaidar cewa tun daga lokacin ko dai ka sake gina tarihi mai tsabta, ko ka ƙi ɗaukar sabon bashi da gangan. Wanda ya bi ta Babi na 13, inda ake tsara masa biya a hankali, yana iya nema bayan ya yi wata 12 yana biya ba makara, da rubutaccen izinin kotu. Wanda aka taɓa ƙwace wa gida shekara uku zai jira. Bashin gida na gama-gari wanda ba shi da lamunin gwamnati yakan nemi shekara huɗu bayan Babi na 7 da shekara bakwai bayan ƙwace gida, ka ga sauƙin a bayyane yake. Abin da zai iya tare ka shi ne bashin gwamnatin tarayya da aka daina biya, kamar na karatu ko na tallafin ƙananan 'yan kasuwa. Akwai rumbun bayanai mai suna CAIVRS da kowane banki dole ya duba, kuma muddin sunanka yana ciki ba za a lamunce maka ba sai ka daidaita da hukumar da take bin ka, komai kyan makinka.

TAMBAYA: Malam, duk wannan bayani a kan bashi mai ruwa ne. Ni ina tsoron riba. Idan na bi ta kamfanonin Musulunci, shin na tsira daga wannan bincike na maki? Daga wani ɗalibi a jihar Mishigan.

AMSA: Allah Ya ƙara mana tsoronSa, ɗan'uwa. Bashin FHA da aka saba da shi bashi ne mai ruwa, haka na hukumar tsofaffin sojoji ta VA da na ma'aikatar noma ta USDA wanda ake bayarwa a yankunan karkara, ko da yake waɗannan biyun ba sa neman kafin alƙalami, kuma VA ba ta gindaya wani maki da kanta ba, bankuna ne suke gindayawa. Hukuncin shiga irin wannan bashi ga Musulmin da ke zaune a ƙasar da ba ta Musulmi ba magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma ba wannan fili ne zai yanke ta ba, ka kai ta ga malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Abin da zan iya gaya maka shi ne akwai kamfanoni kamar Guidance Residential da UIF da bankin Devon na Shikago da suke sayar da gida ta hanyar musharaka, inda ku biyu kuke mallakar gidan kana sayen kason kamfanin a hankali, ko ta murabaha, inda kamfanin yake sayen gidan ya sayar maka da shi da ribar da aka sani kana biya a hankali, ko ta ijara, inda kake biyan haya har gidan ya zama naka. Hukumar da ke kula da bankunan tarayya ta amince da tsarin ijara a 1997 da na murabaha a 1999. Amma ka cire tunanin cewa a can ba a duba tarihi. Su ma suna ɗauko rahoton kamfanonin ukun, suna duba maki da albashi da haraji, domin yawancin cinikin nasu suna yin sa ne bisa ma'aunin manyan cibiyoyin bashin gida irin su Freddie Mac, kuma sau da yawa makin da suke nema ya fi na FHA. Mai gudun riba ke nan ya fi kowa buƙatar tarihi mai tsabta. Kana iya gina shi da rubutacciyar shaidar haya da wuta da waya kamar yadda na gaya wa ɗan'uwanmu na Bronx, akwai kuma kamfanonin da suke kai rahoton biyan haya ga masu riƙe tarihin. Katin bashi da ake biya gaba ɗaya kafin ruwa ya hau, shi ma malamai sun yi magana a kansa ta fuska biyu saboda sharaɗin ruwan da ke cikin yarjejeniyar, ka haɗa shi cikin tambayoyin da za ka kai.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, an daɗe ana cire mini kuɗin asusun gidaje a albashi. Mu ma ana duba tarihin bashi a nan, ko zancen na 'yan ƙasar waje ne? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Ana dubawa, Malam, kuma binciken yana ƙara ƙarfi. Tsarin Najeriya ya bambanta da na Amurka ta wannan fuska: Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa da dokar 1992 kuɗin ma'aikata ne da kansu, kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, wanda Bankin Bashin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, yake riƙewa. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi yana da damar nema, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, har tsawon shekara 30 gwargwadon shekarun da suka rage masa na aiki, kuma abin da zai riƙa biya bai kamata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigarsa ba. Amma takardarka ba kai tsaye take zuwa Abuja ba, tana bi ne ta wani bankin bashin gidaje mai lasisi, wanda shi ne zai ɗauki alhakin karɓo kuɗin daga hannunka, saboda haka shi ne zai bincike ka.

Kamfanoni uku ne masu lasisin riƙe tarihin bashi a Najeriya: CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna su duba aƙalla biyu daga cikinsu kafin su ba da bashi. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014, sauya banki ya daina ɓoye tsohon bashi, kuma tun 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun mai bashi a wani bankin idan ya ƙi biya. Abin da ya fi damuna a Arewa shi ne basussukan tallafi na noma da na lokacin korona, waɗanda mutane da yawa suka karɓa da tunanin cewa rabon gwamnati ne, alhali bashi ne da aka rubuta a kan lambarsu. Haka ma ƙananan basussukan manhajojin waya da na albashi da ake mantawa da ragowarsu. Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, don haka ka nema kafin ka cike fom, idan ka ga bashin da ka riga ka biya yana nan a buɗe, ka koma bankin ka karɓi takardar shaidar kammala biya, ka sa su gyara. Ka kuma je ofishin FMBN na jiha da lambarka ta asusun ka tabbatar kuɗin da ake cire maka yana isa wurinsu, sannan ka duba takardar mallakar filin ko gidan da kake son saya, domin ita ce jinginar, kuma ba a sakin kuɗi sai ta inganta.